Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi Da Kwamishinonin Ilimi Na Arewa: Kafin Jarrabawa Ta Hau Kwamfuta, A Fara Kawo Wa Yara Darasin Lissafi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Minista, masu girma Kwamishinoni, Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, shekara 17 ke nan ina riƙe da alli. Ba don kaina kaɗai na rubuto ba. Abin da ke cikin wannan takarda shi muke ta maimaitawa da 'yan'uwana malaman lissafi a ɗakin malamai, da wurin makin takardun jarrabawa, da zauren WhatsApp inda muka haɗu daga makarantu daban-daban. Ina kuma magana da yawun ɗalibanmu da iyayensu, waɗanda ba su san ƙofar ofishinku ba, amma duk abin da kuka sa wa hannu a kansu yake sauka.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sanarwar da aka yi a 2025, cewa jarrabawar WAEC da ta NECO za su koma kan kwamfuta, har aka ambaci 2026. JAMB ta riga ta koma gaba ɗaya tun 2015. Ko ranar da aka sa ta tabbata a ko'ina, ko an ɗan jinkirta, kowa ya ga inda aka dosa. Mu ba mu ƙi ba. Duk malamin da ya taɓa tsayawa a zauren jarrabawa ya ga yadda satar amsa ta zama ruwan dare, zai yi maraba da duk abin da zai rage ta. Damuwarmu ita ce an yi wa jarrabawa tanadin kwamfuta, shi kuwa darasin da za a yi jarrabawar a kansa yana nan inda yake: malami ɗaya, baƙin allo da ya koɗe, da yara casa'in a ɗaki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in fara da bayyana dalilin da ya sa mu malaman lissafi muka fi kowa ƙwallafa rai a kan kayan karatun intanet. Lissafi ba a koyon sa da kunne. Yaro zai zauna ya saurare ka, ya gyaɗa kai, ya rantse ya gane, amma sai ya ɗauki biro ya yi da hannunsa, ya kuskure, an nuna masa inda ya kauce, ya sake, sannan abin yake zama. Wannan nuna kuskuren shi ne rabin aikinmu, kuma shi ne ya gagare mu. Ina koyar da aji biyar, kowane aji kusan yara 90, jimla wajen 450. In na ba kowa tambaya goma kacal, amsa 4,500 ke jira na. In na ba kowace amsa daƙiƙa goma, ba tare da na rubuta wa yaro ko kalma ɗaya ta gyara ba, awa goma sha biyu da rabi ke nan. Wannan aikin gida na rana ɗaya ne. Shi ya sa za ku ga littafin yaro a makarantar gwamnati ya yi wata guda jan biro bai taɓa shi ba. Ba lalaci ba ne, lissafin ne ba ya fita.

Manhajar atisaye tana yin wannan aiki cikin ƙiftawar ido. Yaro ya sa amsa, nan take ta ce masa daidai ne ko kuskure, ta nuna masa matakin farko in ya cije, ta ba shi wata tambaya makamanciyarta da wasu alƙaluma dabam yadda ba zai kwafi ta maƙwabcinsa ba. Ni kuma ta nuna mini cewa yara talatin a ajin nan duk wuri ɗaya suke faɗuwa, gobe in san inda zan sa ƙarfi. Ba za ta maye gurbin malami ba. Jan biro ce da ba ta gajiya, kuma ita muka rasa.

Kayan nan suna nan, kuma da yawansu kyauta ne. Akwai Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a Amurka a 2008 bayan ya fara da koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa, tana da darussa da atisaye tun daga ƙirga har lissafin shiga jami'a. Akwai GeoGebra, da Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a Ostiriya, wadda ake zana siffofi da jadawali a ja su da yatsa a ga yadda suke sauyawa. Akwai PhET ta Jami'ar Colorado, mai gwaje-gwajen kimiyya da lissafi da yaro zai taɓa da hannunsa a allon na'ura. Ita kanta WAEC tana da shafi inda take sa tsofaffin tambayoyi da bayanin manyan masu maki kan wuraren da ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Sannan a gida, a watan Maris na 2022, ma'aikatarku da UNICEF da Microsoft sun ƙaddamar da dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda har da darussa cikin Hausa a ciki. Wannan aiki ne na a yaba, kuma mun yaba.

Na taɓa gwada GeoGebra a aji da wayata. Shekara da shekaru ina rubuta wa yara cewa kusurwoyi uku na alwatika in an tara su 180 suke bayarwa, su haddace, su manta. Ran nan na zana alwatika a waya, na kira su goma-goma suka kewaye ni, na ce wa wani yaro ya ja ƙarshenta duk inda ya ga dama. Ya ja ta ta yi tsawo, ya danne ta ta kusa kwanciya, kowace kusurwa tana sauya adadinta, jimlar tana nan 180 ba ta motsa ba. Sai ya ɗago ya ce, "Malam, ashe da gaske ne." Gani ya kori ji. Amma kafin rukuni na biyar su zo, an kaɗa ƙararrawa, cajin wayar ma ya kusa ƙarewa. Rabin ajin ba su gani ba. Daga nan koke-kokenmu suka fara.

Na farko, kuɗin data da wuta. Idan aka ce wa talaka darasi kyauta ne a intanet, an faɗi rabin gaskiya ne, domin hanyar zuwa wurin darasin ba kyauta ba ce. Yawancin darussan lissafi bidiyo ne, bidiyo kuwa ba ya tausayin data. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Magidancin da ke lissafin kwanon masara, ko ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu saba'in, ba zai sayi data don yaro ya kalli yadda ake warware aljabara ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Mun san Airtel, ta hanyar yarjejeniyarta da UNICEF, ta buɗe Nigeria Learning Passport ga masu layinta ba tare da cin data ba. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. Sai dai karatun yaro bai kamata ya rataya a kan wane layi ne a wayar babansa ba. Ga kuma wuta. A unguwannin da yawancin ɗalibaina suke, wayar gidan takan kwana a shagon mai caji, a biya kuɗi a karɓo ta, a yi tattalin cajin don kiran gaggawa.

Akwai ma inda sabis ɗin ne babu. Ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Yaran da rashin tsaro ya fi raba su da aji su ne intanet ya fi nisa da su. Haka muka gani a 2020 da aka rufe makarantu saboda korona: 'ya'yan masu hali suka ci gaba da karatu a waya da kwamfuta, namu kuwa in sun samu darasin rediyo sun gode Allah. Lissafi kuma ba ya shiga ta rediyo yadda ya kamata, domin yaro yana buƙatar ya ga inda aka ajiye alƙalami da inda aka ɗauke shi. Da suka dawo, mun sha wahala kafin mu mayar da su inda muka rabu. Duk wani shirin da ya dogara da sai an hau intanet kai-tsaye, an riga an cire waɗannan yara daga cikinsa tun kafin a fara.

Na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe, shi ne harshe. Akwai wata yarinya da na koyar a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, tana taya mahaifiyarta sayar da ƙosai da safe kafin ta zo makaranta. In ka ba ta dubu ɗaya ka ce ta ba ka na ɗari uku da hamsin, kafin ka rufe baki ta miƙo maka canjin ɗari shida da hamsin. In mutum uku suka zo lokaci ɗaya ba ta rikicewa. Amma a takarda sifili take ci. Da na zaunar da ita na karanta mata tambayar da Hausa, ta ba ni amsa tana murmushi. Ba lissafi ta faɗi ba, Turanci ta faɗi, aka rubuta mata a sakamako cewa ba ta iya lissafi ba, ita ma ta yarda. Irinta suna da yawa ƙwarai. Kalmar "product" da yaro ya sani a darasin kasuwanci da ma'anar haja, a darasina tana nufin sakamakon ninkawa. Ba wanda ya tsaya ya faɗa masa. To idan wannan yaro ya buɗe bidiyon da Ba'amurke ke magana da sauri da karin harshensa, me ya ƙaru da shi?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin lissafi ba. Muna da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Muna da rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushiri. Kuskuren da ya fi yawa a wurin yaranmu shi ne a ce su tara ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku, su tara na sama su tara na ƙasa su ce biyu bisa biyar. Na yi shekaru ina faɗa da wannan. Ranar da na samu sauƙi ita ce ranar da na kawo musu misalin rabon gado: mace ta rasu ta bar miji da uwa da baffa, ba ta da ɗa. Miji yana da rabi, uwa tana da sulusi, saura na baffa. Nan da nan wani yaro da ke zuwa makarantar dare ya ce, "Malam, asalin mas'alar shida ne. Miji uku, uwa biyu, baffa ɗaya." Na ce to rabi da sulusi nawa ke nan? Suka ce sudusi biyar. Abin da littafin Turanci ke kira LCM, wato mafi ƙanƙantar adadin da alƙaluman ƙasa duk za su iya raba shi ba saura, malaman zaure sun daɗe suna kiran sa asalin mas'ala. Yaran sun san shi, ba su dai san shi ne ba.

Ƙasar nan ba baƙuwar lissafi ba ce. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimin alƙaluma, wato murabba'in da kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, yake ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma masu tarihin lissafi a duniya suna ambaton sa har yau. Duk shekara nakan zana wa sababbin ɗalibai hatimi mai gida tara, su cika da alƙaluma daga 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai ba da 15, in gaya musu wanda ya yi rubutu a kan wannan ɗan ƙasarsu ne. Za ka ga zamansu ya sauya. Ina so yaron da ya buɗe darasin lissafi a waya ya ci karo da wannan suna.

Mun san an amince da tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare a ƙarshen 2022, mun kuma ji an sanar da janye shi a watan Nuwamban 2025. Ba wannan muhawara na zo yi ba, ko da yake ina da ra'ayi a kanta. Yaro zai rubuta jarrabawarsa da Turanci, mun yarda. Abin da muke cewa shi ne, a ba shi bayani da harshen da yake tunani da shi, sannan a ɗora masa kalmar Turancin a kai. Kowane malamin lissafi a Arewa haka yake yi a aji in ya ga ido ya yi zuru-zuru, ko an yarda ko ba a yarda ba. Shirin RANA da aka yi a firamaren Katsina da Zamfara ya koyar da karatu da ƙirga da Hausa, an rubuta littattafai, an horar da malamai. Ba daga sifili za a fara ba. Kuma abin da na faɗa kan Hausa ya shafi Kanuri da Fulfulde da Nufanci da Tibi da sauran harsunan yaranmu.

Haɗe da wannan akwai rashin dacewa da tsarin karatunmu. Kalmar manhaja a Hausa tana ɗaukar ma'ana biyu, manhajar karatu da manhajar waya, amma a aikace biyun ba su haɗu ba. Kayan waje an jera su ne bisa azuzuwan ƙasarsu, misalansu da dala da mil da inci. Malamin da ke son darasin da ya dace da mako na huɗu na zango na biyu a aji biyu na babbar sakandare, bisa manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, sai ya kwana yana lalube, da datarsa.

Na uku, an bar malami a baya. A makarantarmu akwai ɗaki da aka zuba kwamfutoci shekarun baya. An yi biki, an ɗauki hoto, aka rufe. Babu wuta, babu kuɗin man janareta, babu wanda aka ce shi ke da alhakin gyara, shugaban makaranta kuma yana tsoron in ɗaya ta lalace a tuhume shi. Yau ƙura ce da gidan zanzaro a ciki. An taɓa kiran mu wata bita ta kwana biyu kan koyarwa da na'ura, aka haɗa malaman lissafi da na tarihi da na addini a zaure ɗaya, wani ya tsaya yana nuna mana rubutu a majigi, aka raba takardar shaida, ba wanda ya taɓa kwamfuta da hannunsa. Duk abin da na iya a GeoGebra da kaina na koya, da dare, da kuɗin aljihuna. Abokan aikina da yawa suna da sha'awa amma ba su da halin yin haka. Akwai kuma gaskiyar da ba a son faɗa: a makarantu da dama, musamman na karkara, wanda ke koyar da lissafi ba lissafi ya karanta ba, an ba shi ne don babu wani. Wannan bawan Allah shi ya fi kowa buƙatar darasi mai kyau da zai kalla kafin ya shiga aji, don kada ya gadar wa yara tsoron da shi ma yake ji.

Na huɗu, 'ya'ya mata. In akwai babbar waya ɗaya a gida, ta uba ce ko ta babban wa. Yaro namiji zai iya zuwa shagon abokinsa ko majalisa ya ari waya. Yarinya daga makaranta sai gida sai Islamiyya. Iyaye da yawa ba sa son 'yarsu ta riƙe waya mai intanet, saboda abin da suke gani a TikTok da makamantansa, kuma ni a matsayina na uba na fahimce su. In aka ce hanyar atisayen lissafi ita ce wayar gida, an ƙara wa mata tazara a fannin da dama ake ce musu ba nasu ba ne. Alhali a ajina, shekara da shekaru, sau da yawa mace ce ke zuwa ta ɗaya.

Kuma kada a ɗauka intanet bai iso ga yaranmu ba sam. Ya iso, amma ta mummunar ƙofa. Da jarrabawa ta matso za ka ji ana tara kuɗi don shiga zaurukan da ke alkawarin turo amsa da daddare. Masu wannan sana'a sun san yadda za su kai hajarsu hannun yaro, da farashin da zai iya biya. Darasi na gaskiya ne ya kasa isa gare shi.

Sakamakon duk wannan muna ganin sa a JAMB. Tambaya 180 cikin awa biyu, 40 daga ciki na lissafi ga wanda ya zaɓe shi. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari da suka dawo suna kuka, ba don tambayoyin sun fi ƙarfinsu ba, sai don ranar ce farkon zamansu gaban kwamfuta. Hannu na rawa, ana neman inda za a danna, agogo na tafiya. Takardar lissafi ta biyu ta WAEC kuwa ba zaɓi-ka-danna ba ce. Akwai nuna matakai, akwai zana jadawali, akwai zane da kamfas da rula. Har yau mu da za mu shirya yaran muna jiran cikakken bayanin yadda za a yi waɗannan a sabon tsari.

Don haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A fara da abin da ba ya buƙatar intanet. Akwai manhajar Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality, kyauta ce, an gina ta ne don irin wurarenmu, har fuskarta an fassara ta da Hausa. Ana zuba darussa da atisaye a kwamfuta ɗaya, sauran na'urori su jona da ita a cikin makaranta ba tare da data ba, malami ya ga abin da kowane yaro ya yi. Kowace makarantar sakandare ta samu wannan kwamfuta ɗaya, da sola mai iya riƙe ta, da na'urorin hannu da za su ishi aji ɗaya ko da yara biyu-biyu ne, a sa awa biyu ta atisayen lissafi a jadawalin mako na kowane aji. A cikin makaranta, da rana, gaban malami, yadda mace da namiji za su samu daidai kuma hankalin iyaye ya kwanta. A ware kuɗin gyara tun ranar saye, a rubuta wa shugaban makaranta a takarda cewa na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi ba laifi ba ce, laifi shi ne wadda ta ruɓe a kulle.

Kuɗin ba sai an ƙirƙiro sabuwar hanya ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin bai-ɗaya, kuma sanannen abu ne cewa kuɗin jihohi da dama sukan kwanta a UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, saboda ba a kawo kason jiha ba. Masu girma Kwamishinoni, wannan a hannunku yake. Akwai kuma asusun USPF a ƙarƙashin NCC, wanda aka kafa musamman don kai sadarwa inda ba ta kai ba.

Muna roƙon Minista ya zauna da takwaransa na sadarwa da NCC, a fitar da jerin shafukan karatu da aka tantance, a sa buɗe su ya zama kyauta a kowane layi, a matsayin ƙa'ida ba alfarma ba.

Muna roƙon a yi cikakken darasin lissafi da bayanin Hausa, daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na babbar sakandare, a jere bisa manhajar NERDC, zango-zango, mako-mako. Gajerun bidiyo marasa nauyi, kowane da atisayensa, misalai da naira da mudu da buhu da kadada. A haɗa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Kwali, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da ƙungiyar malaman lissafi ta MAN, su daidaita kalmomi don kada Kano ta ce wani abu Sakkwato ta ce wani. Amma masu tsayawa gaban kyamara su zama malaman aji, waɗanda suka san inda yaro ke cijewa, maza da mata. Da ɗan gari akan ci gari. In an gama kada a kulle shi a shafi ɗaya. A sake shi kowa ya kwafa. A kowace kasuwa akwai masu tura fina-finai da waƙoƙi a memori, yara kuma suna tura wa juna ta Xender ba tare da ko sisi ba. Ta wannan hanya fim ke isa ƙauyen da ba sabis cikin kwana biyu. A bi ta nan. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma za su amfana, ko da yake tsarin karatunsu dabam ne.

Muna roƙon horo na gaskiya ga malaman lissafi su kaɗai, kowa da na'ura a gabansa, ba kwana biyu a otal ba. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna tana da cibiyoyi a faɗin ƙasa, kwalejojin ilimi suna nan a kowace jiha. A horar da mutum biyu a kowace makaranta, a riƙa bibiyar su zango-zango, su koya wa saura. A kuma sa wannan a cikin karatun NCE, don sabon malami ya fito da shi a hannu.

Game da jarrabawar kanta, muna roƙon WAEC da NECO su fitar da manhajar gwaji kyauta, mai aiki ba tare da intanet ba, mai kama da abin da yaro zai tarar ranar jarrabawa, har da yadda za a amsa tambayoyin zane da na nuna matakai. Kuma kada a tilasta wa wata makaranta rubuta lissafi a kwamfuta sai ɗalibanta sun yi aƙalla shekara guda suna atisaye a kanta. A aiko masu duba makarantu su tabbatar da haka da idonsu, su tambayi yaran, ba su tsaya a ofishin shugaban makaranta ba.

In ana neman makarantun da za a fara gwaji da su, mu a shirye muke, kuma akwai malamai da yawa a zaurenmu da za su ba da lokacin hutunsu don ɗaukar darussan Hausar. Muna roƙon a ba mu amsa a bainar jama'a, yadda muka rubuto a bainar jama'a, kafin ɗaliban da ke aji biyu na babbar sakandare yanzu su shiga ajin ƙarshe.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Malamin lissafi, a madadin 'yan'uwansa malaman lissafi na makarantun gwamnati a Arewa.